Jan Ba Shi da Mariƙi

Mashin biyu Muhyiddeen dillali ya sauke mini a ƙofar gidanmu da ke Sabon Gari, ja da baƙi, irin manyan nan na tsere. Ni dai na san mashin, ba yabon kai ba. Da jin kukan jan na san ya fi lafiya, in ka murɗa masa wuta har a haƙoranka kake ji. Baƙin kuwa mai hankali ne, mazauninsa da faɗi, ga ƙarfen riƙewa a baya.

Damuwata ɗaya ce, Baba. Ni nake kai shi garin Indabo gaida yayansa duk Asabar, kuma goyon nan shi kaɗai ya haɗa ni da shi. Ɗan fari ne ni. Sunana ma ba ya faɗa, sai dai "wannan yaron", balle ya dafa kafaɗata. A tsohon mashin ɗina ƙarfen ɗora kaya na baya yake riƙewa, ya bar fili tsakaninmu sai ka ce akwai wanda za mu ɗauka a gaba. In na sayi abin da ba zai hau ba, ƙanena Lukman zai gaje ni, kuma wallahi hakan zai yi mini ciwo.

"Ɗauki baƙin ka huta," in ji Muhyiddeen. "Jan nan ba na goyo ba ne. Dubi wurin zaman, murfin kwano ya fi shi."

"A bar mai hawa ya gwada," na ce.

Na shiga na durƙusa na roƙi Baba. Ya fito yana mita, wai mutum da 'ya'yansa ya rasa abin saye sai jirgi. Muka fara da baƙin, zuwa gada muka dawo. Ya riƙe ƙarfensa tsam, filin nan namu yana nan. Ya ce ba laifi.

Jan ya ba shi wuya. Sai da ya tattare rigarsa, Muhyiddeen ya tallafa masa. Ina kallonsa ta madubi yana laluben baya, babu abin kamawa. Na ja a hankali. Da muka hau kwalta na ɗan ƙara wuta, kaɗan fa, ni ba mahaukaci ba ne. Sai na ji hannuwa biyu sun zagayo cikina sun damƙe. Na ji ƙirjinsa a bayana, na ji carbinsa yana tokarina. Bai saki ba har muka wuce gada, ni ma ban juya a nan ba, na miƙa sai da gidaje suka ƙare. Allah ya sa hular kwano ta rufe mini fuska, don kuka nake yi, ƙato da ni.

Da muka dawo Baba ya sauka yana gyara hula, bai dube ni ba.

"Baba, wanne ya yi?" in ji Muhyiddeen.

"Ina ruwana? Mai abu ya zaɓi abinsa." Ya nufi zaure, sannan ya tsaya. "Ka dai gaya wa wannan yaron, ranar Asabar ban da gudu."

Na miƙa wa Muhyiddeen makullin baƙin.

"Ka yi tunani, Abdulbaƙi. Jan nan fa ba shi da mariƙi."

"Na sani," na ce. "Shi ya sa."