Lasisin Zuhra

Khaulah na tsaka da yankan albasa a gidansu na unguwar Taman Melati, can ƙasar waje, waya ta shigo daga Amurka. Zuhra ce, ƙawarta tun jami'a a Kano, inda suka karanta ilimin halayyar ɗan Adam tare. Lokacin Khaulah ce gwanar aji, Zuhra kuwa ba ta shiga jarrabawa sai Khaulah ta yi mata bita.

Albishir ta kira ta yi. Majalisar jiharsu ta amince da dokar da ta ba masu lasisi irinta damar duba masu damuwa a wasu jihohin ta bidiyo. Har wata Bahaushiya daga jiha mai nisa ta nemi ganinta.

Khaulah ta ce ma sha Allah, ta ci gaba da yankan albasarta. Shekararta huɗu da biyo mijinta Zulkiflu, wanda ya zo karatun digirin digirgir, kuma bizarta ba ta aiki ba ce. Matan ɗalibai daga unguwar Setapak kan zo su zazzage mata cikinsu, su tafi suna cewa Maman Adnan akwai daɗin hira. Ba wadda ta san karatunta ke nan.

Sai Zuhra ta tuno mata littafin da ita Khaulah ta cika lokacin hidimar ƙasa, na kalmomin da mutanenmu ke faɗin damuwarsu da su.

"Ƙawata, ɗauko min hotonsa don Allah. Hausar tawa ta fara gudu."

Littafin na cikin akwatin zannuwanta.

"Ai ya ɓata wajen tashi," in ji Khaulah.

Da Zulkiflu ya dawo cin abincin rana ta ba shi labarin dokar. Ya ce lallai Zuhra akwai ƙoƙari, ya ƙara miya. Ranar ko shayi ba ta dafa masa ba.

Bayan mako biyu Zuhra ta rubuto cewa matar nan ba ta dawo ba. Matar ta yi ta cewa zuciyarta na tsinkewa, ita kuma Zuhra ta tura ta gwajin zuciya. Khaulah ta ji wani sanyin daɗi ya ratsa ta, sannan kunya ta biyo baya, don ta san wannan maganar ta damuwa ce ba ciwon zuciya ba, tana shafi na uku na littafin.

Ta buɗe akwatin, ta ɗauki hoton shafi goma cikin sittin ta tura, ta ce iya abin da ta samu ke nan.