Dutsen da Mama Ke Zama

Tun da mijinta ya rasu, Luce take zama kan wani dutse a bakin teku a garin Komiža kowace yamma, cikin baƙaƙen kaya, tana kallon hanyar da jirgin kamun kifinsa ya saba dawowa. Ɗanta Frane kuwa hotunan faɗuwar rana yake ɗauka, yana sayar wa baƙi.

Ran nan sama ta yi jawur. Ya saita kyamara, sai ga baƙar rigarta a tsakiyar hoton.

"Mama, matsa mana, kin tare min rana! Wa zai sayi hoton tsohuwa?"

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe rigarta. "To, sarkin rana. Ubanka dai bai taɓa cewa na tare masa komai ba."

Washegari ya riga ta zuwa, ya ajiye mata matashi kan dutsen. Har rana ta nutse ba ta zo ba. Ya zauna yana bin hotunan cikin kyamarar, ko zai ga ɗaya da take ciki. Babu. Duk wanda ta fito a ciki, da hannunsa ya goge.