Darakta da Ciyawar Gindin Famfo

Tun da Darakta ya yi ritaya, ba wanda ya sake miƙe masa in ya shigo ɗaki. A ofis, gyaran muryarsa kaɗai kan sa mutum ya gyara zama. A gida kuwa, ko kyanwa ba ta sauka masa daga kujera. Sai ya koma duba aikin matarsa: me ya sa gishiri ya yi yawa, wa ya bar fanka a kunne, ina murfin bokiti. Baiwar Allah ta sha binciken da ko ma'ajin ofishinsu bai taɓa sha ba.

Ana haka Allah ya kawo masa abokiyar gaba daidai matsayinsa, wata ciyawa a gindin famfon tsakar gida. Furanninta farare ne ƙanana, kowane da kunnuwa huɗu, in ka murza ganyen sai yaji ya doki hancinka. Ba wanda ya shuka ta, kuma babban laifinta ke nan: ta tare a gidan Darakta ba izini.

Ya tumɓuke ta, ta dawo. 'Yarsa ta ɗauki hotonta, ta duba a waya.

"Baba, ta daji ce, dangin kabeji. Wai saiwarta ba ta mutuwa, kowace shekara sai ta toho. Kuma an ce kada a daddatsa..."

"Ni za ki koya wa korar wanda ba ya jin magana?"

Ya ɗauko fartanya ya tono saiwar, ya yi mata gunduwa-gunduwa. Da yake mutum ne mai tsari, sai ya baje ƙasar a duk tsakar gidan, ya daidaita ta tsaf. Da ruwa ya sauka, kowane guntu ya fito da kansa. Korar ma'aikaciya ɗaya ta zama ɗaukar sababbi, har da na ƙofar banɗaki.

Ya yi ta zagi, amma a gaskiya rabonsa da jin daɗi haka tun yana ofis. Yana tashi da wuri, yana zufa, yana cin abinci har da neman ƙari, gishiri kuma ya samu lafiya.

Sai dai Darakta ba ya barin aiki a buɗe. Ya kira magini aka malale tsakar gidan da siminti, daga bango zuwa bango. Ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, yana jiran tafi. Kyanwa ta yi hamma.

Daga nan safiya ta zama ba ta da amfani. Ya ɗan koma binciken murfin bokiti, sannan ya bar shi ma. Ya daina aski, abinci sai ya taɓa ya ture, ya wuni a kujera yana kallon nasararsa. Matar da ta daɗe tana roƙon Allah ya sa mijinta ya yi shiru, da ya yi, sai tsoro ya kama ta.

Wata safiya ya ga siminti ya tsage kusa da famfo, ga ɗan koren ganye yana leƙe. Ya murza ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, kuma ba duka ne laifin yajin ba. Yana durƙushe matarsa ta fito da shanya.

Ya yi maza ya haɗe rai. "Kin ga aikin banzan maginin nan? Har ya tsage."

"Kada ka ɗauki alhakinsa, ranka ya daɗe. Ni na fasa da guduma. Fartanyarka tana bayan ƙofa, ma'aikaciyarka ta dawo aiki."

Ta wuce wajen igiya ko waiwaye ba ta yi ba.

Darakta ya ɗauko fartanya, yana faɗa a kan rashin ɗa'a da raini. Ya zaƙulo saiwar, ya daddatsa ta ƙanana-ƙanana. Da ya tabbatar matarsa ta juya baya, sai ya bi tsagin yana cusa guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya kunna famfo a hankali.