Laifin Keke

Tun kafin kuɗin tallafin gwamnati su iso, kowane gida a layin ya gama kashe nasa da baki. Wani direba a layin tayoyi zai saya. Matar da ke gidan gaba ta ce abinci za ta jibge, tunda farashi kullum sama yake yi. Wasu kuɗin makaranta, wasu kuɗin haya. Shi kuwa Injiniya, da alat na banki ya shigo wayarsa ko sau biyu bai karanta ba, ya hau laluben takalmi.

"Maman yara, tashi mu tafi. Yau za mu rabu da wannan tsohon keken naki."

Matarsa, wadda kowa ke kira Tela, ta ɗago kai. Tana zaune a bakin taga, inda ta ja keken ɗinkin tun watannin baya, wai don shan iska. Ta ce, "Yanzu-yanzu? Ka bari kuɗin su huce mana."

"Su huce? Gobe an ƙara wa keken kuɗi."

Injiniya dai ba wani injiniya ba ne, gyaran injuna yake yi a masaƙa, har aka rufe ta da kasuwa ta mutu. Tun daga nan gidan ya koma kan ƙafar Tela, a kan fedar keken nan. Sai ɗinkin ya fara karkacewa. Wata ta dawo da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya, wata ta dawo da siket ta zazzaga masifa a tsakar gida. Tela ta ce keken ne ya tsufa. Bawan Allah ya ɗauki sukudireba ya kwance shi, ya wanke, ya sa mai, ya canja bel. Ɗinki bai daidaita ba. Ya sake kwancewa. Mutumin da ya yi shekaru yana sarrafa injuna masu girman ɗaki, ga ɗan keke ya gagare shi a gaban matarsa. Abin yana cin sa, kuma tana gani.

Keken ba shi da laifin komai. Idanunta ne. Yanar ido ce ta rufe na hagu, tana kuma bin na dama a hankali. Ta je asibitin ido a ɓoye, likita ya ce aiki za a yi, ya faɗi kuɗin, ta yi masa godiya ta fito. A lokacin ko na mota da ƙyar ta haɗa. Ta yi shiru da maganar saboda tsoro: ranar da aka ji a layin cewa tela ba ta gani, ranar za a daina kawo yadi. Shi kuma in ya ji, da me zai yi? Sai ta koyi dabara. Ba ta taɓa barin zare ya fita daga allura. In za ta canja launi, ta yanke tsohon daga sama, ta ƙulla sabon a jikinsa da ɗan siririn ƙulli, ta ja a hankali har ya ratsa kafar allurar. Rabon da ta zura zare da ido har ta manta.

Yanzu ga kuɗi sun zo, sau ɗaya tak, kuma ta san za su yi aikin ido ɗaya. A cikin mota ta buɗe baki za ta faɗa. Sai ta ji shi yana gaya wa fasinjan gefensa, da murya irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, cewa sabon keke zai saya wa iyalinsa. Ta mayar da maganar ciki.

Shagon kekunan dogo ne, mai duhu daga ciki, yana warin mai da kwali. Mai shagon, wani ƙato mai sanƙo, da alama ya kwana biyu bai ga mai saye ba, don har kujerarsa ya ba su.

"Ranka ya daɗe, ka zo a daidai. Wannan shi kaɗai ya rage a tsohon farashi. Amma fa in ya fita ƙofar nan ba ya dawowa, na gaya maka gaskiya."

Injiniya ya zagaya keken, ya juya hannunsa, ya kara kunne kamar likita. "Kin ji? Ko ƙara babu. Wannan shi ne keke."

"Yana da kyau," in ji Tela. Baƙin abu kawai take gani mai sheƙi.

Suka yi ciniki, suka ja, suka daidaita a kan kusan duk abin da ke cikin wayar. Injiniya ya fara danna lambar asusun da mai shago ke karanto masa. Tela tana jin kowace lamba a ƙirjinta. Ta ce a ranta, shi ke nan, bari ya saya, in ya so ta ci gaba da ƙulli har inda Allah ya kai ta. Amma in sabon keke ma ya karkata ɗinki, wa za ta ɗora wa?

Injiniya ya tsaya, yatsansa a sama. "Af, ni ma da gaggawa. Ba a sayen inji sai an gwada. Maman yara, zauna ki taka mu gani."

Mai shago ya miƙo mata guntun yadi da sabon zare fari. "Bismillah, uwar ɗakina. Sa zaren kawai."

Ta zauna. Hannunta ya san hanya, ya bi da zaren ta kowane lungu har ƙasa ba tare da kuskure ba. Sai ya iso allura. Babu tsohon zare da za ta ƙulla a jikinsa, allura ce sabuwa fil, wayam.

Ta lashi bakin zaren, ta murza, ta kai. Ya wuce ta gefe. Ta sake. Ya lanƙwashe.

"Shagon ne da duhu," in ji mai shago, ya kunna fitilar wayarsa ya haska mata. Hasken ya watsu a idonta, ɗan abin da take gani ma ya ɓace.

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙarfen. Ta tura zaren, ta ji kamar ya shiga, ta kai yatsu baya ta kama iska.

"Kin ga, kafar tana ta wannan gefen," mai shago ya faɗa a hankali, kamar mai jin kunya.

Injiniya ya durƙusa a gefenta, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga hannunsa a gefenta na hagu, ya kaɗa yatsu daf da fuskarta. Ba ta juya ba. Iskar kawai ta ji a kumatunta, ta gane abin da ya yi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in ja keken bakin taga."

"Kika bar ni ina ta kwance shi?" in ji shi. "Ina kwana ina tunanin hannuna ne ya mutu?"

"Baban yara, in na faɗa maka a lokacin, da me za ka kai ni?"

Maganar ta fita da kaifi fiye da yadda ta so. Ta ji ya ja numfashi, ta yi nadama nan take. Ga wayar a hannunsa, lambobin suna nan, dannawa ɗaya ta rage. Mai shago ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ko in rage muku wani abu?"

Injiniya ya miƙe. Ya daɗe yana kallon keken, ya shafa shi sau ɗaya. Sannan ya sa wayar a aljihu.

"Kekenka lafiya lau, malam. Namu na gida ma ashe lafiyarsa ƙalau."

A waje rana ta dalle mata ido. Ta tsaya a bakin titi ta karkata kunne tana sauraren motoci, yadda ta saba, ba ta san yana kallon ta ba.

"Haka kike tsallakawa?"

"Haka."

"Kuɗin za su isa?"

"Ido ɗaya."

Sai ya ce, "To ai ko da kina budurwa, ido ɗaya kike rufewa in za ki zura zare."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ya kama hannunta a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba, ya koma ya tsaya ta gefenta na hagu, inda motocin ke fitowa.