Kumatun Hagu

A gilashin shagon Mai Hoto akwai fuskoki sun fi hamsin, kuma babu ko ɗaya mai ƙurji. Ka shigo da tabon faɗuwa a goshi, ka karɓi hotonka sumul. Ka shigo da giɓi, ya ce ka rufe baki ka yi murmushi da ido. Kayan aikinsa ba su da yawa: kujera mai juyawa, fitilu biyu masu laima, shuɗin labule a bango, sai kwamfutar da yake wuni a gabanta yana rage wa mutane abin da suka zo duniya da shi. Yakan ce madubi ba shi da kunya, shi kuwa yana da ita.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, an haife ta da baƙin tabo a kumatun hagu, daga ƙasan ido har gefen haɓa. Tun tana rarrafe yake ɗaukar ta hoto, kuma tun lokacin ya san yadda ake zaunar da ita: kafaɗa a karkace, fuska ta kalli ƙofa, fitilar hagu a kashe. Ɗan abin da ya leƙo na tabon sai ya bi shi ya goge. Bai taɓa buɗe baki ya ce mata tabon abin kunya ne ba. Son ta yake yi, kuma iyakar hanyar da ya sani ke nan. Ita ma ta taso da gefen fuska take yi wa mutane magana, hoda kuwa ba ta rabuwa da jakarta.

Sai ga wani ɗan fim ya ɓullo, 'yan kallo suka raɗa masa suna Dabbare. Fatar fuskarsa fari da baƙi ce, ta ko'ina, har kan fatar ido, kuma an ce ba ya yarda a shafa masa komai kafin ɗauka. Ba ya fitowa a abin dariya, ba ya fitowa a mugu. Shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne wanda ake so a ƙi auren kowa dominsa. Kullum cikin tsohuwar kwat mai faci a gwiwar hannu, maganarsa a hankali, idan kyamara ta matso sai ya juyo mata da fuskar gaba ɗaya. Auta ba ta bari fim ɗinsa ya wuce ta. Ran da Mai Hoto ya gan shi a talabijin, cewa ya yi, "Da yaron nan zai faɗo hannuna, kafin shayi ya huce na mai da shi mutum." Kowa a falon ya yi dariya, ban da Auta.

Da ta gama karatun jinya ta sami aiki, sai ta turo wa uban hoton Dabbare ta waya, ta ce a wanke mata shi babba, za ta rataya a ɗakinta. Mai Hoto ya ji daɗi ƙwarai, don an daɗe ba ta nemi komai a wurinsa ba. Ya kori wani aikin gefe, ya zauna ya bi fuskar mutumin lungu-lungu, ya haɗe farin da baƙin suka zama launi ɗaya, ya miƙar da hancin kaɗan tunda an riga an fara. Sa'annan ya sa shi a firam mai ruwan zinare.

Matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo.

"Wannan kuma wane ne? Mai tallan sabulu?"

Ya ɗauki maganar a matsayin yabo.

Da yamma Auta ta biyo ta shagon. Ya juyo mata da firam ɗin yana murza hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina wanda na turo maka?"

"Ai shi ne wannan. Na ɗan taimaka masa ne."

"Ya ce yana neman taimako?"

"Haba Auta, dubi yadda ya fito."

"Na gani. Saboda fuskar nake son hoton, Baba. Ga shi ka cire fuskar ka bar mini kwat."

Garin neman gira an rasa ido. Ya buɗe baki zai kare aikinsa, ta riga shi. Ta ce a wurin aiki sun nemi hoton da za a sa mata a katin shaida, kuma ta yanke shawarar ta je shagon tsallaken titi. Wato wurin saurayin nan da ke ɗauka ya wanke nan take ba gyara, wanda Mai Hoto bai taɓa kira da wani suna ba sai Mahauci.

"Wurin wancan? Mai ɗaukar mutum kamar an kama ɓarawo?"

"Shi ya sa. Ina so mara lafiya ya dubi katin, ya dubi fuskata, ya ga mutum ɗaya ce." Ta waiwaya wajen bangon da hotunanta ke jere, tun daga na goyo har na kammala karatu. "Yarinyar nan kyakkyawa ce, Baba, amma ban san ta ba."

A lokacin ne ya lura babu hoda a fuskarta. Bai san tun yaushe ta daina ba, shi da ke cin abinci da kallon fuskokin mutane. Abin ya yi masa ciwo, har ya rasa wanne ya fi zafi, maganar ko tsallaka titin.

"Shi Dabbaren ne ya ce ki yi haka?"

"Bai ce komai ba. Ban taɓa jin ya yi wa kowa nasiha ba. Tsayawa kawai yake yi a kalle shi, kuma ba ya ba da haƙuri."

Mai Hoto ya jawo kujerar tsakiyar ɗaki, ya kaɗe ta da tafin hannu.

"Zauna."

Ta zauna. Kafin ta ankara kafaɗarta ta karkace da kanta, fuskarta ta nufi ƙofa. Shi ma hannunsa ya riga ya kai kan makunnin fitilar hagu. Suka dubi juna. Ta gyara zama ta fuskanto shi sosai, shi kuma ya janye hannun ya bar fitilar a kunne.

"To, yi murmushi," in ji shi daga bayan kyamara. "Ni ba allura zan yi miki ba."

Dariya ta ƙwace mata, ya danna.

Hoton ya cika fuskar kwamfuta. Ga tabon nan, baƙi ƙirin, haske ya sauka a kansa ba abin da ya ɓuya. Yatsun Mai Hoto suka fara motsi irin na sabo, sai ya tsaya, ya matso da kansa. A tsakiyar tabon, daidai inda dariyar ta ja kumatun, wurin ya lotsa ciki, ɗan rami kamar an dangwala yatsa. Haka kumatun marigayiya mahaifiyarsa yake yi idan ta yi dariya, kuma duk cikin 'ya'yansa ya ɗauka babu wanda ya gaje ta. Ya ɗaga kai ya bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya. A kowanne kumatun a shafe yake kamar faranti. Ashe duk shekarun nan tare da tabon yake goge ramin.

Auta ta zo ta tsaya a bayansa.

"Ka gama?"

"Ban taɓa komai ba."

"To ai ka gama."

Ya share ido da bayan hannu, ya ce hasken kwamfutar nan ya fara damun sa. Sa'annan ya tambaye ta guda nawa suka ce ta kawo.

"Biyu."

Ya wanke uku.