Wayar Kolade da Muryar Morenike

Kolade, ƙanin matata, yana sayar da wayoyin kayan sauti a kasuwar Alaba ta Legas. Yana cikin 'yan kasuwan nan masu haɗari, waɗanda suka yarda da abin da suke gaya wa masu saye. Ni kuwa ilimin lantarki na koyar a sakandare har na yi ritaya. Matata Morenike ce ke zama tsakaninmu a wurin cin abinci. Da ta rasu, babu wanda ya gaji kujerar.

Muryarta kaset ɗaya ya rage mini. An ɗauke shi ne ranar bikin godiyar girbi a cocinmu na Surulere, tun kafin mu yi aure, inda ta rera baiti guda ita kaɗai. Ba na kunna shi. Sanin yana cikin kabad ya ishe ni.

Da addu'ar cika shekara ta matso, har an raba anko, 'yarmu Tolu ta zo ranar Lahadi da kwamfutarta don ta kwafe waƙar a sa wa jama'a. Kolade ya biyo ta, ya cinye amalar da ba a tuƙa da shi ba, sannan ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar karammiski. A ciki akwai waya mai kaurin wutsiyar saniya, bakinta ruwan zinare, an zana mata kibiya don kada sauti ya ɓata hanya. Ya ce in aka kwafi yayarsa ta cikin siririyar wayata, an shaƙe ta har abada.

Na gaya masa tagulla tagulla ce. A tsawon taku biyu babu na'urar awon da za ta nuna bambancin da kunne zai kama, balle kunnen da ya yi shekara talatin kusa da janareton kasuwa.

"Farfesa," in ji shi, "ai kai da mita kake jin waƙa. Shi ya sa Anti take zuwa gidana in tana son sauraro."

"Yaranka take kai wa abinci. Uwarsu ba ta iya girki ba."

Tolu ta ce mu ji tsoron Allah. Babu wanda ya kula ta. Kolade ya kawo sharaɗi: zai juya baya, Tolu ta riƙa sauya wayoyin, in ya gane tasa daga tawa, da tasa za a kwafa, kuma kaset ya koma gidan su Morenike, wato gidansa. Na yarda, domin na san lissafi yana bayana.

Sai dai mutanen Kolade ba sa gwaji kamar sauran 'yan Adam. Ba a jin waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Wuri ɗaya ake zaɓa, a yi ta maimaita shi. Ya zaɓi inda Morenike ta ja numfashi ta haura sama, wurin da nake jin tsoro. Tolu ta kunna, ta mayar baya, ta sauya waya, ta kunna. Ya ce bai shirya ba. Aka sake. Ya ce wayarsa ba ta yi ɗumi ba tukuna. Aka sake. Ya sa aka ɗaga ta daga ƙasa aka ɗora a kan littattafaina, wai siminti yana shan sauti. Karon farko ke nan da ya amfana da littafi. Wani zagayen ya dace, wani ya kuskure, kamar mai jefa kwabo, kuma duk kuskure yana da dalilinsa: ko babur ya wuce, ko na yi tari da gangan. Ni ma duk lokacin da ya dace sai in ce a maimaita.

Can sai ya ɗaga yatsa, idonsa a rufe.

"Wannan taka ce, Baban Tolu. Ka ji yadda ta dushe? Kamar an rufe mata baki da filo."

Tawa ce kuwa. Abin da ya fi muni, na ji abin da ya ji. Saman muryar ya tafi. Jan numfashin nan, da ɗazu yake kamar tana tsaye a bayan kujerata, ya zama shuuu kawai. Na ce wa Tolu ta mayar da tasa. Ta mayar, ta kunna. Sautin ya ƙara dushewa.

Na tsayar da rikodar na buɗe murfin. Na jiƙa auduga da sifirit, na goga ɗan ƙarfen da zaren kaset ke bi ta kansa. Audugar ta fito ja-ja-ja, kamar an shafi tsatsa. Tsohon zare ne da ya sha damunar Legas a cikin kabad, kuma garin da ke jikinsa, wanda sautin ke zaune a kai, mun yi ta kankare shi tun azahar. Na share ƙarfen tas, Tolu ta kunna ta kwafa gaba ɗaya. Sauran mawaƙan suna nan garau, har da wata Misis Fadipe da ba ta taɓa kama murya daidai ba. Baitin Morenike ne kaɗai ya zama kamar ana waƙa a gidan maƙwabta.

Tolu ta naɗe kwamfutarta ba ta kalli ko ɗayanmu ba. Ta ce za ta sa na Misis Fadipe a coci, in ya so mu yi wa jama'a bayani.

Kolade ya tsaya yana juya bakin zinaren a hannunsa. Na zaci zai yi shiru, amma ban taɓa dacewa da shi ta wannan fannin ba. Ya ce ko ma mene ne, zagayen ƙarshe shi ya gane, kuma sharaɗi sharaɗi ne. Ya ƙara da cewa yana da wata waya ta azurfa a shago, wadda take dawo da saman murya.

Na miƙa masa kaset ɗin. Ya sa shi a cikin karammiski, kusa da wayar, ya fita ko sallama babu.

Audugar tana cikin kwalbar maganin hawan jinina da ta ƙare, a cikin kabad, inda kaset ɗin yake a da. Iyakar abin da na sani na kimiyya, mafi yawan baitin yana jikinta.