Layin da Na Rubuta Babu

Makarantu biyu suka ba ni gurbin karatun kula da masu taɓin hankali. Ɗaya tana can nesa, yini guda a mota, kuma kowa ya san ta fi. Ɗayar tana bayan tasha, rufinta ma yoyo yake yi. Ita na zaɓa. Baba har yana yi wa maƙwabta alfahari wai Auta ba ta iya nisa da gida. Ban gyara masa ba. Gaskiyar ita ce ɗalibanta suna koyon aiki a asibitin da ke bakin gari, inda Yayana yake kwance wata bakwai.

A gidanmu ba a cewa Yaya yana asibiti. Sai a ce aiki ne ya kai shi wani gari. Baba ya hana ni zuwa duba shi, kada a gan ni a ƙofar wurin mutane su sami abin faɗa. Haushin wannan bai taɓa barina ba.

A takardar shiga akwai layin da ke tambaya ko kana da ɗan'uwa mai jinya a asibitin. Matar da ke karɓar takardu ta ce wanda yake da shi gidan marayu ake tura shi koyon aiki, wanda ya ɓoye kuma kora ce. Baba ya sunkuyo ya ce, "Rubuta babu." Ai ko bai faɗa ba abin da zan rubuta ke nan. Shi kunya, ni son ganin Yaya.

A mako na shida muka shiga ɗakin maza, mu takwas cikin fararen riguna, muna bin likita. Gadaje goma sha biyu, tagogi da ƙarafa, warin maganin goge ƙasa. Likita ya nuna gadon ƙarshe ya ce wannan ya samu sauƙi, jibi za a sallame shi.

Yaya ne, yana ninke bargo. An aske masa kai, magani ya kumbura masa fuska. Ya ɗago, ya washe baki.

"Auta? Wa ya ba ki farar riga?"

Malamarmu tana tsaye dab da kafaɗata. Likita ya juyo.

"Kin san shi?"

"A'a," na ce.

"Ƙanwata ce, likita," in ji Yaya, yana dariya. "Ni na koya mata keke. Duba gwiwarta ta hagu, akwai tabo."

Likita bai duba gwiwar kowa ba. Ya dubi ɗalibai ya ce, "Ku lura da kyau. Ya fara ɗaukar baƙi a matsayin danginsa. Makon jiya babu wannan." Ya soke sallamar, ya ƙara yawan ƙwayoyi. Abokan karatuna suka duƙufa suna rubutawa. Ni ma na rubuta, ina jin tsanar kaina.

Yaya ya daɗe yana kallona, dariyar ta gushe. Sannan ya zauna a bakin gado, ya ɗora bargon a cinya.

"Yi haƙuri, likita," ya ce a hankali. "Kama ce."

Har yau ban sani ba ko asirina ya rufa, ko kuwa ni ya gaskata.